Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Wani ma'aikacin kiwon lafiya ya yi jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Gidan Sori, maza da mata. Jawabin ya shafi kayan da ya kamata kowane gida ya ɗaure ya ajiye, saboda ranar da ciwo zai taso ba shiri. An rubuta shi a nan don malamai su karanta shi tare da ɗalibansu, a Gidan Sori da sauran ƙauyukan Gidan Rumji, da Agye, da Gazawa. Ga abin da ya faɗa.

Ciwo ba ya sallama



Kowane manomi ya san ba a gyaran sungumi ranar da ruwan shuka ya sauka. Tun da rani ake kai shi maƙera. Iri ma tun da kaka ake ware shi. Amma a wajen ciwo, gidaje da yawa ba su yin irin wannan tanadi.

Ga yadda abin yake faruwa. Tsakar dare mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ana neman karnen awonta, ba a san inda aka sa shi ba. An sami karne, tocila ba ta da batir. An aro tocila, mai gida yana cirani, babu mai cewa a tafi. An tashi wan miji ya ba da izini, babu kuɗin mai. Kafin a gama wannan kai da kawo an kira asalatu.

Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. Awa 2 ba ta isa a sayar da akuya. Ba ta isa a zaga gari neman bashi. Da yawa daga cikin waɗanda ake rasawa a asibiti, tun a gida lokacinsu ya ƙare.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ƙunshi ne guda, a ɗaure, a rataye. Sai kuma magana biyar da za a gama tun ana lafiya.

Hanyar da majinyaci yake bi

Ya kamata kowa ya san hanyar, don ya san abin da zai ɗauka.

Da farko akwai ƙaramin gidan likita na ƙauye. Gaba da shi akwai babban gidan likita irin na Gidan Sori ko na Tibiri, inda majo da ungozomar likita suke. In ciwo ya fi ƙarfinsu, sai su rubuta takarda su tura majinyaci asibitin Gidan Rumji. In can ma ya gagara, sai Maraɗi, inda akwai babban asibitin jaha da kuma asibitin mata da yara. Tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi akwai kimanin kilomita 50. Haka tsarin yake ga mutanen Agye da Gazawa, kowa da matakansa har zuwa Maraɗi.

Wanda ya fito gida da safe yana zaton zai koma da azahar, yana iya kwana Gidan Rumji. Yana iya yin sati a Maraɗi. Babu halin komawa gida ɗauko tabarma. Da damina kuma, in Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, wata hanyar takan yanke. Saboda haka in ciwo mai tsanani ne, a fita da ƙunshin tun tashin farko.

Na ɗaya: takardu

Takardu su ne mafi sauƙin ɗauka, kuma su aka fi mantawa. Ga waɗanda ake bukata:

1. Karnen awon ciki na mace.
2. Karnen kowane yaro, mai nuna allurar rigakafi da awon nauyi.
3. Katin maganin masassara na damina. Tun shekarar 2013 aka fara ba yara wannan magani a Nijar, daga ɗan wata 3 zuwa ɗan ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba.
4. Takardar shaidar ɗan ƙasa. Baƙin da suka gudo daga Najeriya tun 2019, su sa takardar da aka ba su lokacin rajista.
5. Tsofaffin takardun magani, da kwalin duk maganin da majinyaci yake sha.

Karne yana magana a madadin wanda ba ya iya magana. Matar da ta suma ba za ta ce cikinta wata nawa ba. Karne zai faɗa. Zai faɗi ko tana da hawan jini, ko an taɓa yi mata fiɗa.

Akwai takarda ta shida, wadda ɗalibin yaƙi da jahilci zai rubuta da hannunsa. Ya rubuta sunan mai gida, da sunan ƙauye, da sunan maigari. Ya rubuta lambar salula ta majo, da ta mai kabu-kabu biyu, da ta ɗan'uwa na Gidan Rumji ko Maraɗi. In akwai maganin da ya taɓa sa wani ɗan gidan ƙaiƙayi ko kumburi, a rubuta sunansa. Salula tana mutuwa, takarda ba ta bukatar caji.

A haɗa takardun duka cikin leda, a ƙulle bakinta, saboda ruwa da gara.

Na biyu: kayan kwana da na tsabta

Asibiti yana ba majinyaci gado in akwai. Sauran kaya daga gida suke zuwa. A tanadi waɗannan:

1. Tabarma ta mai jinya.
2. Zane 3 ko 4, wankakku.
3. Riga 2 marasa matsi, waɗanda hannu yake fita da sauƙi in za a yi ƙarin ruwa.
4. Sange, wato gidan sauro, da igiyar ɗaure shi.
5. Bargo, in lokacin ɗari ne.
6. Sabulu sabo guda.
7. Buta, da ƙaramin bokiti, da fo na yaro.
8. Takalmin roba na shiga makewayi.

Sabulu ƙaramin abu ne, amma aikinsa babba ne. Asibiti wuri ne da cututtuka suke haɗuwa. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ya ba majinyaci abinci, da bayan ya fito makewayi, da bayan ya wanke wa yaro kashi. In ba haka ba, an je da ciwo guda, a komo da biyu.

Na uku: kayan ci da sha, da haske

A sa kwano, da kofi, da cokali, da ƙaramar tukunya, da ashana. A ajiye jarka mai murfi kusa da ƙunshin, don ruwan sha.

Abincin da ake sawa shi ne wanda ba ya lalacewa da wuri: garin kunu, garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, gishiri. A sa abin da zai ishi mutum biyu kwana 3. Mai jinya da yunwa ba ya iya jinya.

A roƙi majo ƙunshi 2 na gishirin zawo. Ana zuba ƙunshi guda cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo. In babu shi, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin. Kada a ƙara gishiri fiye da haka. Mai zawo ya riƙa kurɓa tun daga gida har a isa.

A sa tocila. A cire batir ɗinta a naɗe daban, don kada ya zube ya ɓata ta. A sa abin cajin salula.

Na huɗu: kayan mai ciki

Mai ciki tana da nata ƙarin. A gama haɗa shi kafin ciki ya cika wata 7, don wani jaririn ba ya jiran wata 9.

1. Tsummoki masu yawa na tare jini. A wanke su da sabulu, a shanya a rana, a naɗe cikin leda.
2. Zane 2 na jariri. Ɗaya na goge shi, ɗaya na rufe shi.
3. Hula da ƴar riga ta jariri.
4. Sabuwar reza da ba a buɗe takardarta ba.
5. Zare mai ƙarfi, wanda aka tafasa aka shanya.

Reza da zare saboda haihuwar hanya ne. An fi son mace ta haihu a gidan likita. Amma in haihuwa ta zo bisa amalanke, mai karɓa ta wanke hannu da sabulu. A goge jariri, a ɗora shi bisa ƙirjin uwarsa, a rufe su tare. A ɗaure cibiya wuri biyu, a yanke tsakani da sabuwar reza. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko wani gari a cibiya. Ta nan ciwon dahi yake shiga, wanda yake sa jariri ya kasa tsotso ya sandare. A ba shi nono cikin awar farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na fari, kada a matse shi a zubar. Sa'an nan a ci gaba da tafiya, kada a juya gida.

Bayan haihuwa a karɓi takardar shaida a gidan likita. Dokar shekarar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, don yaro ya sami takardarsa.

Abin da ba a sawa, da wurin ajiya

Kada a sa ƙwayoyin ƴan talla na kasuwa. Rana ta gasa su, wasu ma jabu ne. Kada a sa ragowar maganin wani. Kada a sa fura ko dafaffen abinci, sai ranar tafiya.

In an riga an ba majinyaci jiƙo ko wata ƙwaya a gida, a faɗa wa likita gaskiya. A nuna masa saura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jaka, ko buhu mai tsabta, ko babban zane, duk suna yi. A rataye ƙunshin sama, nesa da gara da ɓera da hannun yara. Kowane babba na gidan ya san wurin. A kwafi jerin kayan a takarda a liƙa a jikinsa. Duk tsayuwar wata a sauke shi a duba. A ci tsohon gari a zuba sabo. A gwada tocila. Doka guda ce: ba a aron kayan ƙunshi. Sabulun da aka ɗauka yau da niyyar mayarwa gobe, ba ya komawa.

Abu biyar da ba su shiga jaka

Ƙunshi kaɗai ba ya kai mutum asibiti. Akwai abu biyar da ake shiryawa da baki.

Na farko, kuɗi. Gwamnati ta sauƙaƙa abubuwa da dama. A shekarar 2005 ta yafe kuɗin fiɗa ga matar da haihuwa ta gagara. A 2006 ta ƙara da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2024, daga 1 ga Satumba, aka rage kuɗin aikin likita a asibitocin gwamnati, aka kuma yafe kuɗin haihuwa. Duk da haka akwai kuɗin mai, da abinci, da kuɗin komowa gida. Wani lokaci magani yakan ƙare, sai an sayo a farmasi.

Ga lissafi mai sauƙi. Wanda ya ajiye dala 20 kowace ranar kasuwa, cikin sati 10 yana da jika guda. Cikin shekara yana da jika 5 da dala 40. Mijin da ya fara ajiye dala 50 kowane sati tun da aka gane ciki, bayan sati 30 yana da jika 7 da rabi. Wanda ba ya samun kuɗi kowane sati, ya ware ƴan tiyoyin wake ko na gyaɗa da kaka, ya sayar lokacin da suka yi daraja. Dabbar da aka sayar cikin gaggawa, mai saye ne yake yanka mata kuɗi.

Gari ma yana iya yin asusu. Gida 50, kowane dala 20 a wata, jika 5 ke nan. A shekara jika 60. Wanda ciwo ya kama ya ara, ya biya da kaka. Wannan ba baƙon abu ba ne a nan. A jahar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, daga nan dubarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Asusu yana bukatar mai riƙo, da mai rubutu, da shaidu. Ga aiki ga waɗanda suka iya karatu da lissafi.

Na biyu, izini. Da rani maza da yawa suna tafiya cirani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya. Kafin mai gida ya ɗauki jakarsa, ya tara mahaifiyarsa, da ƙaninsa, da matarsa. Ya ce a gabansu: "In ciwo ya taso, ko naƙuda, a kai ta likita, kada a jira ni." Ya nuna wanda ya bar wa kuɗi. Wannan magana ba ta cin ko dala, amma tana ceton rai. Ko mai gida yana gari, ya faɗe ta, don wata rana yana gona ko kasuwa.

Na uku, abin hawa. A yi magana da mai kabu-kabu, ko mai amalanke, ko mai mota tun yanzu. A gama ciniki na rana da na dare. A sami mutum biyu, don in ɗaya ba ya nan. A ajiye lita 2 ta mai a wuri mai inuwa, nesa da murhu. Motar asibiti kuwa majo ne yake kiranta, in ya ga sai an wuce gaba. A ƙauyukan bakin iyaka tafiyar dare tana da haɗari saboda ɓarayin daji. Don haka ciwon da aka gani da la'asar, kada a bar shi ya kai dare. Mai cikin da likita ya ce haihuwarta tana iya yin wuya, ta koma gidan dangi kusa da likita tun watanta bai kama ba.

Na huɗu, mai jinya. A san wanda zai bi majinyaci. A zaɓi mai ƙarfin jiki, mai jin magana, wanda ba ya jin kunyar tambaya. In ya iya karatu ya fi. Shi zai karanta lambar ɗaki, ya riƙe takardar magani, ya san ƙwayar safe da ta dare. A kuma san wanda zai tsaya da yara da dabbobi. Uwa da yawa suna ɗauke yaro daga asibiti bai warke ba, don babu mai dafa wa na gida.

Na biyar, jini. Ba a sayar da jini a kanti. Daga jikin mutum yake fitowa. Matar da ta zubar da jini tana bukatarsa. Yaron da masassara ta shanye wa jini yana bukatarsa, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Jiki yana mayar da shi cikin ƴan makonni. Mai lafiya da ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Ana auna jinin kafin a sa wa wani. Kowane gida ya san mutum 2 ko 3 da suka yarda. A asibiti ake ƙarin jini, don haka su bi majinyaci tun tashin farko.

Yaushe ake sauke ƙunshi?

Akwai alamomin da ba a kwana da su.

Ga mai ciki ko mai jego: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, faya ta fashe babu naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙuda ta kai awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, mabiyiya ba ta faɗo ba bayan awa guda. Doguwar naƙuda ita take kashe jariri a ciki, ita take kawo yoyon fitsari. Akwai asibitin gyaran yoyon fitsari a Danja, kudu da Maraɗi, tun 2012. Amma zuwa da wuri ya fi gyara.

Ga yaro: jijjiga, ƙin nono ko ruwa, amai da duk abin da ya sha, barcin da ba ya tashi, numfashi da sauri haƙarƙari yana lotsawa, tafin hannu ya yi fari, ƙafafu sun kumbura, zawo har idanu sun faɗa.

Ga kowa: zazzaɓi da sandarewar wuya, alamar sanƙarau, wanda ya fi yawa da rani, zawo da amai kamar ruwan shinkafa, saran maciji, ƙaba da ta sauko ta ƙi komawa, fitsari ya tsaya, ƙuna mai faɗi. A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta bazu a jahar. Ciwo ne da yake iya kashe babban mutum cikin wuni guda, amma mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna tashi.

A kan hanya, mai jijjiga ko wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a sa masa cokali a baki. Wanda ake zaton za a yi wa fiɗa, kada a ba shi abinci. Mai zubar jini bayan haihuwa a kwantar da ita, a rufe ta, a riƙa murza mararta har ta yi tauri, a sa jariri a nono. A tafi da tsummokin da suka jiƙe, likita ya ga yawan jinin. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi.

Tambayoyin jama'a

Da ya gama, sai ya ba jama'a dama.

Wani dattijo ya ce: "Malam likita, mu mun taso an ce shirya kayan ciwo kiran ciwo ne."

Ya amsa: "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Rumbu ba ya kiran yunwa. Wanda ya cika rumbunsa bai ƙi dogara ga Allah ba. Ciwo da lafiya duk na Allah ne. Tanadi kuwa aikin bawa ne."

Wata tsohuwa ta ce: "Ɗana, yarinya mai cikin fari kunya take ji. Ko naƙuda ta kama ta, ba ta faɗi. Kuma gidan iyayenta take zuwa goyon ciki."

Ya amsa: "Inna, to wannan aikinku ne, ku iyaye. Ku sa mata ido. Ku gaya mata tun da wuri, faɗin ciwo ba rashin kunya ba ne. Cikin fari, musamman ga ƙaramar yarinya, shi ya fi bukatar likita. In za ta tafi goyon ciki, ƙunshinta da karnenta da kuɗinta su bi ta. Miji kuma ya ba iyayenta izini tun ranar da ya kai ta."

Wani magidanci ya ce: "Malam, talaka fa? Wannan kaya da yawa."

Ya amsa: "Malam, duba jerin da kyau. Reza da sabulu da batir kaɗai ne sabbi. Tsohon zane in an wanke shi ya isa. Kwano da buta akwai su a gida. In tabarma guda ce, a bar ta inda take, a rubuta sunanta a takarda don kada a manta. A fara da takardu yau. Kowace kasuwa a ƙara abu guda. Kafin wata 2 ƙunshi ya cika."

Aikin ɗalibai

A ƙarshe ya ba ɗalibai aiki uku. Kowa ya kwafi jerin kayan cikin littafinsa. Kowa ya rubuta takardar suna da lambobi ta gidansa, ya kuma rubuta wa maƙwabci guda wanda bai iya ba. Kowace cibiya ta kai maganar asusu gaban maigari da liman kafin ruwa ya sauka.

Wanda ya karanta wannan jarida ya karanta wa mutanen gidansa. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya. Amin.